Tusar Jaki a Hannun Yaro: Me Ke Kawo Ta, kuma Yara Nawa Ke da Ita?

Tambaya: "Likita, ɗana mai shekara 9 ya fito da tusar jaki a bayan hannu. Da farko guda ɗaya ce, yanzu sun kai biyar. Ƙanwarsa ma na ga wata ta fito mata a gefen farce. Me ke kawo ta? Daga jini ne, ko rashin tsafta? Kuma gaskiya ne yara da yawa suna yin ta, ko nawa ne ke da wata matsala?"

Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba yaran lafiya. Bari in fara cire miki abin da na ga ya fi damun ki. Tusar jaki ba ta fitowa daga jini, kuma fitowarta ba shaida ce cewa kin yi sakaci da wankan yaranki ba. Ƙwayar cuta ce ta bairos, wadda likitoci ke kira HPV, take shiga saman fata ta wata 'yar ƙaramar tsaga, ta zauna a nan, ta sa fatar wurin ta yi ta haɓaka fiye da ƙima har ta yi tudu mai kaushi. Iyakarta ke nan. Ba ta ratsawa cikin nama, ba ta bin jijiya zuwa hanta ko ƙoda. Shi ya sa duk wanda ya ce a ba yaron abin wanke jini, ko a saya masa maganin kashe bakteriya, asarar kuɗi kawai zai ja miki.

Sunan ma yana ruɗar mutane. Jaki dai ba ruwansa. Wannan dangin bairos yana da zaɓe ƙwarai: na mutum mutum yake kamawa, na kare kare, na zomo zomo. Abin dariya, jakin da aka laƙaba wa laifi shi ma wahala yake sha, domin bairos ɗin shanu na wannan dangi yakan tsallaka kan dawaki da jakuna ya fitar musu da wani irin tsiro a fata, kuma wannan yana cikin 'yan wuraren da aka san ƙwayar ta ƙetare daga wata dabba zuwa wata. Turawa su kuma kwaɗo suka ɗora wa laifi, wai taɓa shi ke kawo ta, don kawai bayansa yana da gudaji. Kowa da dabbar da ya zalunta.

An daɗe da gano cewa abin yaɗuwa yake yi. A 1907 wani likita ɗan Italiya mai suna Giuseppe Ciuffo ya niƙa tusar jaki, ya tace ruwanta da matatar da bakteriya ba sa iya wucewa, sannan ya shigar da ruwan a fatar hannunsa. Bayan wasu watanni sai ga ta ta fito masa. Da haka aka fahimci cewa abin da ke kawo ta ya fi bakteriya ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Sai a 1949 aka iya ganin ƙwayar da ido, da na'urar hangen ƙananan halittu mai aiki da lantarki. Faɗinta bai wuce nanomita 55 ba, wato sai kin jera kusan 18,000 kafin su cika milimita ɗaya a jikin rula.

Na san da zarar na ce HPV gaban wasu iyaye yake faɗuwa, saboda sun ji sunan a maganar sankarar bakin mahaifa. To a kwantar da hankali. HPV suna ne na babban dangi mai iri fiye da 200, an sa wa kowane lamba. Masu fitar da tusar jaki a hannu da yatsu galibi su ne lamba 2, 4, 27 da 57. Mai zurfin nan ta tafin ƙafa da ke ciwo idan an taka, yawanci lamba 1 ce. Ƙanana masu shafaffen kai da ke fitowa a fuska da bayan hannu, lamba 3 da 10. Waɗanda ke fitowa a al'aura kuwa lamba 6 da 11 ne akasari, kuma hanyar yaɗuwarsu daban. Masu haddasa mafi yawan sankarar bakin mahaifa su ne 16 da 18, waɗanda binciken likitan Jamus Harald zur Hausen ya tona asirinsu har ya samu kyautar Nobel a 2008. Uba ɗaya ne, amma hali ya bambanta. Abin da ke hannun ɗanki ba ya komawa sankarar mahaifa, kuma ba ya nuna komai game da tarbiyyarsa.

Yanzu ga yadda abin yake faruwa, kuma a nan nake so ki ɗan ba ni lokaci, domin idan kika gane wannan sauran tambayoyinki da kansu za su warware.

Fatar mutum hawa-hawa take. A can ƙasan hawan sama akwai wani layi na ƙwayoyin halitta masu rai da kullum suke rabuwa suna haifar sababbi. Sababbin sai su riƙa turo tsofaffin sama, suna bushewa a hanya, har su iso waje su zama mataccen ɓawon da muke gogewa wajen wanka. Tafiyar tana ɗaukar kusan wata guda. Bairos ɗin ba shi da abin yi da mataccen ɓawon nan, layin ƙasa yake nema. Idan fata lafiyayya ce, a rufe, zai iya kwana a kanta bai samu ƙofa ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar kuwa ba sai wadda ido ke gani ba: ƙujewar faɗuwa wajen wasa, gefen farcen da aka ciza, faso a diddige, yankan reza, susar cizon sauro, ko fatar da ta daɗe a ruwa ta yi laushi ta yi yaushi.

Da ya isa layin ƙasa, sai ya shiga cikin ƙwayar halitta ya lafe. Ba ya fasa ta, ba ya kashe ta. Umarni kawai yake canza mata, ya sa ta ci gaba da rabuwa a lokacin da ya kamata ta tsaya. Yayin da 'ya'yanta ke hawowa sama, shi kuma yana kwafar kansa a cikinsu, sai sun kusa isa waje yake harhaɗa cikakkun sababbin ƙwayoyi. Saboda haka ɓawon da ke zubowa daga kan tusar jaki ɗauke yake da iri. Tudun da kike gani fatar yaron ce da kanta ta yi kauri, ba wani baƙon abu ne ya tsiro daga ciki ba.

Idan kika duba da kyau za ki ga wasu baƙaƙen ɗigo-ɗigo a kanta. Mutane kan ce iri ne ko saiwa. Ƙananan jijiyoyin jini ne da suka miƙo don ciyar da fatar da ke ta girma, jinin cikinsu ya daskare. Dalilin da ya sa take saurin zubar da jini idan an yanke ta ke nan. Saiwa kuwa ba ta da ita sam. Ko ta tafin ƙafa da ake ji kamar ta nutse har ƙashi, nauyin jiki ne ya danna ta ciki, amma tana nan a hawan sama na fata.

Wannan zaman lafiyar da bairos ɗin ke yi da ƙwayar halitta shi ne babbar dabararsa. Garkuwar jiki tana farkawa ne idan ta ji ɓarna: ƙwayoyi sun mutu, wuri ya kumbura, baƙo ya shiga jini. Shi kuwa ba ya yin ko ɗaya. Yana aikinsa a hawan da jijiyoyin jini ba sa kaiwa, yana fitar da 'ya'yansa ta ɓawon da dama zubarwa za a yi. Sai garkuwa ta yi watanni, wani lokaci shekaru, ba ta san da shi ba. Babu zazzaɓi, babu kasala, yaro yana wasansa.

Haka kuma tsakanin shigar ƙwayar da fitowar tudun akwai tazara mai tsawo, yawanci wata ɗaya zuwa shida, wani sa'in har ta haura shekara. Don haka idan uwa ta tambaye ni a ina ɗanta ya kwaso, nakan ce mata ta bar wahalar da kanta. Abin da ya fito yau wataƙila tun zangon karatun da ya wuce ya shiga. Na sha ganin iyaye sun ɗora laifi a kan yaron maƙwabta da ɗansu ya yi wasa da shi makon jiya, alhali lissafin bai ma hau ba.

To ta wace hanya take yaɗuwa? Hanya ta farko taɓa fata da fata. Ta biyu ta kayan da aka yi tarayya a kansu: tawul, abin yanke farce, reza, dutsen goge kaushi, safa, takalmi. Ƙwayar ba ta da rigar kitse irin ta bairos ɗin mura, ƙoƙon furotin ne mai tauri ya lulluɓe ta, saboda haka tana jure bushewa, kuma man tsaftace hannu mai sinadarin alkohol ba ya yi mata abin kirki. Ta uku, wadda na fi gani a wurin yara, ita ce mutum ya shuka wa kansa. Yaro ya kankare ta da farce, ya sosa wani wuri. Ya cije ta da haƙori, ta fito masa a leɓe. Ɗayar da ta zama biyar a hannun ɗanki, kusan tabbas haka aka yi. A wurin manya reza ce ke wannan aiki: sai ki ga ƙanana sun jeru a layi ɗaya a haɓar namiji ko a ƙaurin mace, daidai inda rezar ta bi.

An daɗe ana cewa wuraren ninkaya da banɗakunan wanka na jama'a su ne matattarar tusar jakin ƙafa, kuma akwai hankali a maganar, tunda ƙasa a jiƙe take, ƙafa ta yi laushi, ga kaushin daɓe yana kankare ta. Amma wani bincike da aka yi a ƙasar Holan, aka buga a 2009, ya sa likitoci da dama sun sake tunani. An duba hannuwa da ƙafafun yara 1,465 'yan firamare masu shekara 4 zuwa 12, ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya fito fili shi ne, yaron da wani a gidansu ke da ita, ko wanda 'yan ajinsu da yawa ke da ita, shi ya fi kamuwa. Zuwa ninkaya da yawo ba takalmi ba su nuna wani tasiri na a zo a gani ba. Wato inda yaro ya fi daɗewa, da mutanen da ya fi cuɗanya da su, nan ne abin yake. Ƙanwar da kika ce ita ma ta fito mata, ga bayaninta nan. Ni a nawa ganin wannan ya fi dacewa da abin da muke gani a asibiti: da wuya a kawo yaro ɗaya ban tambaya na ji akwai wani a gidan ba.

Sai batun yawa, wanda shi ne rabin tambayarki. Amsa a taƙaice: gaskiya aka faɗa miki. Ƙiyasin da littattafan likitancin fata suka fi kawowa shi ne kusan mutum ɗaya cikin goma yana ɗauke da ita a kowane lokaci, kuma a tsakanin 'yan makaranta adadin ya fi haka. A binciken Holan ɗin nan, kashi 33 cikin ɗari na yaran aka samu da ita, ɗaya cikin uku ke nan. Kashi 20 a tafin ƙafa, kashi 9 a hannu, kashi 4 duka biyun. Kuma adadin yana hawa da shekaru, daga kashi 15 a 'yan shekara 4 zuwa kashi 44 a 'yan shekara 11. A Ostareliya wani bincike na 1998 ya samu kashi 22 a 'yan makaranta gaba ɗaya, kashi 12 a ƙanana masu shekara 4 zuwa 6, kashi 24 a masu 16 zuwa 18. A Birtaniya kuwa wani babban bincike da aka buga a 1993 bai samu fiye da kashi 4 zuwa 5 ba a 'yan shekara 11 da 16.

Za ki ce, ina 5 ina 33? Bambancin ba wai don yaran wata ƙasa sun fi na wata tsafta ba ne. Mafi yawansa daga yadda aka yi ƙirgar ne. Idan aka sa mutum musamman ya cire wa kowane yaro safa ya duba tsakanin yatsu da fitila, zai samu da yawa. Idan kuwa a cikin duba lafiyar gaba ɗaya aka lura da ita, ƙanana duk za su wuce. Idan iyaye aka tambaya, adadin ya ƙara faɗuwa, domin a binciken Holan ɗin da yawan iyayen yaran da aka samu da ita ba su ma san tana nan ba. Idan kuma rajistar asibiti aka duba, wannan ba ƙirgar cutar ba ce, ƙirgar waɗanda ta dama ce har suka zo. Saboda haka duk lokacin da kika ga adadi a kan wannan cuta, tambayar farko ita ce wa ya duba, kuma ina ya duba. Ni na fi amincewa da waɗanda suka cire safa.

Abin da duka binciken suka haɗu a kai shi ne siffar tafiyar. Jarirai da 'yan ƙasa da shekara uku da wuya su yi ta. Tana fara yawa da shiga makaranta, ta kai ƙololuwa wajen shekara 12 zuwa 16, sannan ta yi ƙasa sosai bayan shekara 20. Maza da mata kusan daidai suke. Ɗanki mai shekara 9 yana tsakiyar hawan tudun ne, tare da dubban sa'anninsa.

Me ya sa yara? Sun fi kowa ƙujewa, sun fi kowa riƙe hannun juna, suna cizon farce, suna tsotson yatsa. Amma babban dalilin shi ne garkuwarsu ba ta taɓa haɗuwa da waɗannan ƙwayoyi ba. Babba ya riga ya gamu da iri-iri a tsawon rayuwarsa, wasu ma bai san ya gamu da su ba, jikinsa ya haddace su. Shi ya sa uwa za ta yi shekara tana wanke hannun ɗanta mai tusar jaki ba ta kamu ba, ƙanwarsa kuwa wata uku ya ishe ta. Sai dai haddar ta iri ɗaya ce: wanda ya warke daga lamba 2 zai iya kamuwa da lamba 1 daga baya. Akwai kuma bambancin halitta tsakanin mutane. Yara biyu a ɗaki ɗaya, tawul ɗaya, ɗaya ya cika da ita ɗaya ko ɗigo babu. Yara masu yawan gumin tafin hannu da ƙafa su ma ƙofarsu ta fi buɗewa.

A cikin manya akwai rukunin da ya fita daban, wato mahauta da masu aikin kifi da kaji. Wani bincike a Ingila a 1994 ya samu kusan ɗaya cikin uku na mahauta da ma'aikatan mayanka da ita a hannu, alhali a ma'aikatan ofis kusan ɗaya cikin bakwai ne kawai. Har iri nasu gare su, lamba 7, wadda ba a cika ganinta a sauran jama'a ba. Kada a ce daga naman take, ƙwayar ta mutum ce. Hannun da ke wuni a jiƙe, wuƙa da ƙashi suna yankarsa kullum, ana musayar kayan aiki, ai bangon ya gama tsagewa.

Rukunin da muke sa wa ido sosai su ne masu raunin garkuwa: wanda aka yi wa dashen ƙoda yake shan maganin danne garkuwa, mai cuta mai karya garkuwar jiki da bai samu magani ba, mai shan maganin sankara. A cikin masu dashen ƙoda, bayan shekara biyar fiye da rabinsu sukan samu tusar jaki, kuma tasu takan yi yawa ta ƙi jin magani. Akwai kuma wata lalurar gado da ba a cika samu ba, wadda likitoci biyu, Lewandowsky da Lutz, suka fara bayyanawa a 1922, inda jiki ke kasa kare kansa daga wasu irin HPV tun yarinta, fata ta cika da su, wasu su rikiɗe su zama sankarar fata a wuraren da rana ke duka. Na kawo waɗannan ne don ki ga iyakar abin. Guda biyar a hannun yaro mai ƙoshin lafiya, mai ci mai wasa mai girma, ba alamar raunin garkuwa ba ce. Wanda za a bincika shi ne mai gommai, ko wanda suka bazu ko'ina cikin ɗan lokaci, musamman idan yana yawan wasu rashin lafiyar ko yana ramewa.

Labari mai daɗi shi ne, ranar da garkuwa ta farga, aikin ya ƙare. A yara kusan rabi sukan rabu da ita cikin shekara guda ba tare da an yi komai ba, kusan biyu cikin uku kuma cikin shekara biyu. Takan yi baƙi, ta ɗan yi ƙaiƙayi ko ja a gefe, ta motse, wata rana a duba babu ita, kuma babu tabo. Sau da yawa duka suke tafiya lokaci ɗaya, har da waɗanda ba a taɓa ba. A manya takan fi naci, tana iya kai shekaru.

Wannan hali nata shi ya sa take da tarin magungunan gargajiya a faɗin duniya. Kowace al'umma da nata: a shafa kaza, a ɗaure da kaza, a binne kaza. Kuma kowa yana da shaidar wanda ya yi ya warke. Ai dole. Cutar da rabin masu ita za su warke cikin shekara ko an yi ko ba a yi ba, duk abin da aka shafa a watan ƙarshe shi zai karɓi yabo, faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Ban cika faɗa da wanda bai cutarwa ba. Wanda nake faɗa da shi shi ne ƙonawa da wuta, ɗiga ruwan batir, yankewa da reza, ko ɗaurewa da zare har ta ruɓe. Na ga yatsun da tusar jakin ta tafi ta bar musu tabon da ya fi ta muni sau goma, na ga kuma wanda ta dawo a zagaye da tabon kamar zobe.

Kafin a ce magani, a tabbatar ita ce. Tusar jaki tana katse zanen fata, wato layukan nan na yatsa da tafin ƙafa sukan kewaye ta, ba sa ratsa ta. Kanta kuwa, wato kaurin da fata ke yi saboda gogayya, layukan suna bi ta samanta, ba ta da baƙaƙen ɗigo, kuma ta fi ciwo idan an danna ta kai tsaye, ita kuwa tusar jaki sai an matse ta ta gefe. Akwai wasu ƙuraje masu santsi da sheƙi da ɗan rami a tsakiya da ke fitowa yara, wani bairos ne daban ke kawo su. 'Yan tsiron nama masu laushi da ke rataye a wuya da hamata, da ƙananan baƙaƙen gudaji da ke fitowa a kumatun manya masu duhun fata, su ba HPV ba ne kuma ba sa yaɗuwa. Wanda ya haura shekara 50 ya ga sabon tsiro guda ɗaya da ke girma, yana jini ko ya zama gyambo, kada ya kira shi tusar jaki sai likita ya gani.

Game da yaranki, ga abin da zan yi da nawa ne. Na yaron da ke bayan hannu, idan ba sa ciwo kuma ba a tsokanarsa a kansu, jira ma magani ne. Idan ana so a taɓa, abu biyu ne suka fi samun goyon bayan bincike. Na farko sinadarin salisilik asid da ake shafawa kullum bayan an jiƙa wurin da ruwan ɗumi an ɗan goge mataccen ɓawon, ana kare fatar gefe, har tsawon mako 12.  Na biyu daskarewa da ruwan naitirojin a asibiti, mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. A wani gwaji a Holan a 2010, daskarewa ta warkar da kusan rabin masu ita a hannu cikin mako 13, ta fi shafawa nesa, amma a tafin ƙafa babu wani bambanci tsakaninsu da jira. Tana da zafi, takan yi bororo, kuma a fata mai duhu takan bar farin tabo da ke daɗewa, don haka ba na gaggawar yi wa ƙaramin yaro. Ki lura, babu ɗayansu da ke kashe bairos ɗin kai tsaye. Fatar da yake ciki suke lalatawa, hayaniyar kuma ta ta da garkuwa daga barci. Allurar rigakafin HPV da ake yi wa 'yan mata tana da muhimmanci ƙwarai don kare su daga sankarar bakin mahaifa, amma ba a kan irin na hannu da ƙafa aka yi ta ba.

Ta ƙanwar ce na fi so a kai asibiti. Wadda ke gefen farce tana da taurin kai, takan kutsa ƙarƙashinsa ta ɓata masa tsiro, kuma wuri ne da ba na so a yi ta zuba asid a gida. Haka duk wadda ta fito a fuska ko al'aura, da ta mai ciwon suga ko mai matsalar gudanar jini a ƙafa, ba a yi musu maganin gida.

A gida kuwa, kowane yaro da tawul ɗinsa da abin yanke farcensa. Abin da aka goge tusar jaki da shi kada ya taɓa lafiyayyar fata, kuma a wanke hannu da sabulu bayan an taɓa ta. A riƙa shafa musu mai don kada fata ta tsattsage. Ba a hana yaro makaranta ko wasa saboda ita, kuma ba sai an ware masa kwano ko cokali ba. Idan ɗanki mai kankare ta ne ko ƙanwar mai cizon farce ce, ki manna filasta a kai da rana, ki canza idan ta jiƙe. Ki ɗauki hoton hannun yau da waya, ki sake ɗauka bayan wata uku, domin ido da ke gani kullum ba ya lura da raguwa, kuma likitan da zai duba su zai so ya ga yadda suke a da.